Shin da gaske Sarkin Farisa ya kai miliyoyin sojoji Girka?

Ana yawan cewa Sarki Zarkisis na Farisa ya afka wa Girka a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da miliyoyin mayaƙa. Asalin maganar daga Hirodotus take, marubucin tarihin Girkawa, wanda ya ce dakarun ƙasa kaɗai sun kai 1,700,000, idan kuma aka haɗa da sojan ruwa da barori, jama'ar ta haura miliyan 5. Har cewa ya yi sun shanye wasu koguna ƙaf.

Sai dai ciki ba ya san ƙarya. Mu ɗauka kowane mutum yana cin kilo ɗaya na hatsi a yini: tan 5,000 ke nan kullum, ban da abincin dawakai da alfadarai da raƙuman da za su ɗauko hatsin, su ma kuwa sai sun sha ruwa. Ga Girka ƙasar duwatsu ce mai ƙunƙuntar hanyoyi, kogunanta suna ƙafewa da rani. Na gaba zai kai filin daga, na baya bai bar masauki ba.

Shi ya sa yawancin masanan yau suke sa adadin tsakanin 100,000 da 300,000, wanda a zamanin ma abin tsoro ne.

Ni dai ban ɗauki Hirodotus maƙaryaci ba. Yana ɗan ƙaramin yaro aka yi yaƙin, daga bakin Girkawan da suka ci nasara ya ji labari, kuma wanda ya kori zaki ba ya cewa kyanwa ya kora.