Maƙalar da ta jira shekara 48

Duk lokacin da na ga ana auna darajar masani da yawan maƙalolinsa da adadin waɗanda suka kafa hujja da su, sai marigayi Peter Higgs ya faɗo mini a rai. Masanin fiziks ne a Jami'ar Edinbura, daga cikin waɗanda aikinsu bai wuce alƙalami da lissafi ba. A 1964 ya rubuta gajerun maƙaloli biyu kan yadda ƙananan ƙwayoyin da aka gina kowane abu da su suke samun nauyi. Mujallar Physics Letters ta ƙi karɓar ta biyun, sai ya ƙara mata bayanin cewa lissafin yana nuna samuwar wata sabuwar ƙwaya mai nauyi, ya aika wa Physical Review Letters, aka buga. Bayan wannan, abin da ya wallafa bai kai maƙala goma ba, kuma a 2013 shi da bakinsa ya gaya wa jaridar Guardian cewa da a zamanin nan ne, da wuya wata jami'a ta ɗauke shi aiki.

Labarin wani masanin fiziks, Steven Weinberg, ma ya fi ba ni mamaki. Maƙalarsa ta 1967, wadda ta haɗa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da kuma ƙarfin nukiliya mai rauni a tsari guda, shafi uku ce kacal, kuma ta yi shekaru kusan babu mai waiwayarta. Sai da Gerard 't Hooft ya nuna a 1971 cewa lissafin irin wannan tsari yana tsayawa da ƙafarsa, sannan masana suka yi mata ca, har ta shiga sahun waɗanda aka fi ambata a fagen. Da an ƙirga ambaton a 1970, da an ce aikin banza ne, alhali shi ne ya kai Weinberg ga kyautar Nobel a 1979 tare da Abdus Salam da Sheldon Glashow.

Ban ce a watsar da ƙidaya ba, domin ma'aunin h da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, wanda ke haɗa yawan maƙalolin masani da yawan ambatonsu, yana tona asirin wanda ya naɗe hannu. Damuwata ita ce ƙidayar tana zuwa a makare, kuma tana koya wa matasa tsoron tambaya mai wuya. Na ga wani abokin aikina ya yanka bincike guda gida uku, yana cike fom ɗin ƙarin girma yana ƙirga layuka da bakin biro, domin kwamiti zai lissafa ne, ba zai karanta ba. Ban ga laifinsa ba, amma abin ya yi mini ciwo.

Shi kuwa Higgs, sai ranar 4 ga Yuli, 2012 CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, ta sanar da gano ƙwayar da ya yi hasashe. Yana zaune a zauren, yana da shekara 83, ya cire tabarau yana share hawaye.