Ajin ƙananan yara a Sakkwato: wa ake bari a bakin ƙofa?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara guda ta share fagen shiga firamare. A watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. A takarda dai ba a bar kowa a baya ba. Amma ba a Abuja ake yanke wa yaro ɗan shekara huɗu hukuncin zama ko komawa gida ba. A teburin ɗaukar ɗalibai ake yanke shi, da inda malama ta zaunar da shi, da irin sunan da ta bari ana kiransa da shi.

A teburin ne ake fara tankaɗe. Iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Sabon Birni, Isa ko Rabah sau da yawa ba su da takardar haihuwa, balle kuɗin yunifom. Idan aka ce sai da waɗannan, an kore su ke nan ba tare da an furta ba. A karɓi yaron tukuna, takarda ta biyo baya. Abin da ya fi takardar amfani shi ne tambayoyi huɗu da za a yi wa uwa a keɓe: wane harshe ake yi a gida, yana ji kuma yana gani sosai, yana da sikila ko farfaɗiya, yana iya zuwa bayi da kansa. A fara gaya mata cewa amsar ba za ta hana a ɗauke shi ba, in ba haka ba za ta ɓoye, sai ranar da ciwo ya tashi a tsakiyar aji.

Farfaɗiya ce ta fi jawo kora, saboda camfin cewa ana ɗaukarta ta yawu. Ba a ɗauka. In ta tashi, a janye benci da duk abin da zai ji masa rauni, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa. In ta wuce minti 5, sai asibiti. Mai sikila kuwa ruwa yake buƙata akai-akai, kuma fitsarinsa yana da yawa, don haka malamar da ke hana fita sai an buga ƙararrawa cutar da shi take yi ba ta sani ba. Lokacin hunturu a bar shi da rigar sanyinsa ko da ba ta dace da yunifom ba. Zabiya idonsa ne ke da rauni, ba kansa ba: layin gaba, nesa da hasken taga, rubutu manya-manya, hula da riga mai dogon hannu. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wasan waje kafin ƙarfe 10 na safe ya fi wa kowa ma. Haka yaran da aka yi wa aiki a asibitin Noma (cutar da ke cin naman fuska) da ke cikin garin Sakkwato: tabon fuskarsu ba ya yaɗuwa, kuma yadda malama ta dube su ranar farko haka sauran yara za su dube su.

Wasu na cewa a kai irin waɗannan makaranta ta musamman, tunda akwai ta A.A. Raji a birnin Sakkwato. Tana da amfaninta, musamman ga kurame da makafi masu buƙatar maganar hannu ko rubutun makafi. Sai dai babu uwar da za ta ɗauko ɗan shekara uku daga Illela ko Tambuwal ta kawo shi birni. In ajin unguwarsu bai karɓe shi ba, gida zai zauna, ko kuma a ƙarshe a same shi yana bara.

Gyaran gini ba shi da tsada yadda ake zato, illa dai magina na ɓata shi. Gangaren keken guragu, duk tsayin santimita 10 yana buƙatar tsawon santimita 120. Wanda ya fi haka miƙewa ado ne kawai, yaro ba zai iya hawa ba. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90, bakin masai ya zama ƙarami, a kafa ƙarfen dafawa a gefensa.

Akwai kuma bambancin da ba a gani saboda an saba da shi. Shara da ɗebo ruwa na 'yan mata, ƙwallo da shugabancin aji na maza. A rubuta jerin aiki a bango, ya riƙa zagayawa kan kowa. Yaron da ya zo da Fulatanci ko Zabarmanci yakan yi makonni shiru, sai a ce daƙiƙi ne, alhali sauraro yake. Malama ta koyi kalmomi goma na harshensa, irin su ruwa, bayi, ciwo, zo, zauna, ta kuma haɗa shi da wani yaro mai jin harsunan biyu. Kiran yaro gurgu, bebe ko ɗan gudun hijira, ko goranta masa sana'ar gidansu, a hana shi nan take, kuma hanin ya fara daga bakin manya.

Duk wannan yana rushewa in yara sun yi yawa. Manufar 2013 ta ce mai reno ɗaya ga jarirai 10, malami ɗaya ga yara 25 a ajin nazare. Malamar da aka bar wa ninkin haka, masu ƙarfin murya kaɗai za ta ji. Mai raunin ji da ke can baya zai kai ƙarshen zango ba a gane shi ba. A nan aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) yake: duk mai duba makarantu da ya shiga ajin yara, ya ƙirga kawuna, ya kuma tambayi yara nawa aka mayar gida a zangon nan, da dalilin kowanne.