Ɗan'uwa, Idan Ka Ƙaurace wa Akwati, Wa Ka Bar Wa?

Samari 'yan'uwana, akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisunmu, daga teburin mai shayi har tashar 'yan adaidaita sahu: "Duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ni na daina zaɓe." Ban ga laifin mai fushi ba. Wanda ya ga yadda kuɗin mota da kwanon masara suka yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ko wanda ya gama karatu yana ta yawo da takardu babu aiki, yana da hujjar jin haushi. Ni ma abin yana ci mini rai. Amma don Allah mu tsaya mu duba wanda wannan fushi namu yake yi wa aiki.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC. Waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba. Wato cikin mutum goma, bakwai sun yi zamansu a gida. Wanda ya ci ma da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9 ya ci, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. To, ka san wanda ya fi kowa murna da zamanka a gida? Ɗan siyasar da ba shi da abin nunawa sai kuɗi. Idan mutum ɗari kacal suka zo akwati, katan kaɗan na taliya da sabulu sun ishe shi. Idan ɗari bakwai suka zo suka tsaya har a ƙirga a gabansu, aljihunsa ba zai ɗauka ba.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya komai ɗacinta: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke cika ƙofar gidan ɗan majalisa da asuba, wannan matarsa ta haihu, wancan zai aurar da ƙanwa. Ba mu taɓa tambayarsa dokar da ya kawo ba. Wanda ya riƙe muƙami ya sauka bai gina gida ba, mu ce masa wawa. Wanda ya kwashe na asibiti ya raba mana shinkafa da azumi, mu yi masa kirari. Yaran da ke ɗaukar makami ranar kamfen kuma ba daga sama suka faɗo ba, ƙannenmu ne, a layinmu suke kwana. Allah Maɗaukakin Sarki ya faɗa a Suratur Ra'ad, aya ta 11, cewa ba ya canja wa mutane halin da suke ciki har sai sun canja abin da ke tare da su.

Masu cewa ƙuri'a ba ta aiki, ina kuke a 2015, lokacin da shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki? Kafin nan ma, lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, talaka ba shi da bakin magana gaban hakimi. Su Malam Aminu Kano ba su ce siyasa ƙazanta ce ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, don matan Arewa su samu 'yancin jefa ƙuri'a. Ina jin kunya idan na tuna abin da suka sha wuya a kansa muke musanyawa da sabulu.

Sannan aikin ba na rana ɗaya ba ne cikin shekara huɗu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Wa zai bi sawun kuɗin nan idan ba mu ba? Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ka dama ka rubuta wa ma'aikatar gwamnatin tarayya takarda ka nemi bayani, kuma dokar ta ba ta kwana 7 ta amsa. Tun 2018 ɗan shekara 25 zai iya neman kujerar majalisar jiha ko ta wakilai. 'Yan takarar da muke kuka da su kuwa, a zaɓen fid da gwani ake haifar su, a hannun daliget ɗin da aka tsamo daga mazaɓunmu, yawanci muna can muna musun ƙwallo.

Saboda haka a makon nan, ku haɗu ku biyar ko goma a unguwarku. Ku nemo sunan kansilanku. Ku rubuta abu ɗaya tak, ko famfon da ya mutu, ko ajin firamaren da rufinsa ya yaye, ku sa hannu, ku kai masa cikin ladabi, ku riƙe kwafi. Bayan wata guda ku koma ku tambaye shi inda aka kwana.