Makauniyar kyanwa da masu cewa a kai ta kasuwa a saki

Tun da kiwon kyanwa ya zama abin yayi a biranenmu, musamman masu dogon gashin nan da ake saye da tsada ana ɗora hotunansu a Facebook da TikTok, wata shawara ta fara yawo a zaurukan masu kiwon. Mutum zai rubuto cewa kyanwarsa ta tsufa, tana karo da bango, ko an kira ta ba ta waiwayowa, da dare kuma kukanta ya hana gida barci. Kafin wani likita ya tanka, jama'a sun yi caa da amsa: a saka ta a buhu a kai bakin kasuwa ko mahauta a saki, wai can ba za ta rasa abin kalaci ba, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Wasu har tausayi suke kiran wannan aiki.

Su sani kisa suke ba da shawara a yi, kisan da ke ɗaukar kwanaki. Kyanwar da ta rasa ido da kunne da abu uku take rayuwa: hancinta, gashin bakinta da tafin ƙafarta, sai taswirar gidan da ta haddace tsawon shekaru. Ta san taku nawa ne daga shimfiɗarta zuwa kwanon ruwa, ta san warin kowane lungu domin ita ta goga kumatunta a jikinsa ta bar alama. Ranar da aka juye ta daga buhu a wurin da ba ta sani ba, an raba ta da wannan taswira. Za ta laɓe a inda ta faɗi, ba za ta nemi abinci ba, ba ta ganin kare, ba ta jin babur, ba ta iya kauce wa jifan yara. In ta tsira daga waɗannan, ƙishirwa ta ishe ta. Kyanwa ko lafiyayya ce, in ta yi kwana uku zuwa huɗu ba ta ci ba, kitse kan fara taruwa a hantarta har ya lalata ta.

Masu wannan shawara sun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Sai su riƙe ƙarshen maganar su ce ai mu sakinta muka yi. Sakin da ake nufi na dabbar da za ta iya farauta ne. Wadda ba ta ganin ɓera, ba ta jin motsinsa, sakinta da hana ta abinci duk ɗaya ne, kuma wanda ya ɗaure bakin buhun ya san haka.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne, da yawa daga cikin makantar nan da ake jingina wa tsufa tana da sanadi, wani lokaci ma da magani. Babban abin da ke makantar da tsohuwar kyanwa farat ɗaya hawan jini ne. Yakan biyo bayan ciwon ƙoda, wanda ke kama kusan ɗaya cikin uku na kyanwoyin da suka haura shekara 10, ko kuma yawan aikin ƙullutun maƙogwaro da likitoci ke kira tayirod. Jinin in ya hau, ƙananan jijiyoyin bayan ido kan fashe, tantanin da ke karɓar haske ya ɓanɓaro daga mazauninsa. Alamar a fili take: baƙin idon ya buɗe warwar, ko an haska tocila ba ya tsukewa, wani lokaci a ga ja a cikin idon. Awon hawan jinin da ya kai 160 abin damuwa ne, 180 kuwa haɗari ne ga ido da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Maganin da ake bayarwa amlodifin ne, wanda dattawanmu ke sha, miligiram 0.625 zuwa 1.25 sau ɗaya a rana, wato kashi ɗaya cikin takwas zuwa rubu'in ƙwayar miligiram 5. Likita ne zai yanke adadin bayan ya auna. In an fara cikin kwanakin farko, tantanin kan iya komawa ya manne, wani ɓangare na ganin ya dawo. Makonnin da ake ɓatawa ana tambayar 'yan zaure su ne ke mayar da makantar ta dindindin.

Akwai kuma makantar da mai gida ke sayowa da kuɗinsa a shagon maganin kaji. Enrofuloksasin, ruwan maganin da kusan kowane mai kiwon kaji ya sani, yana lalata tantanin idon kyanwa in ya wuce miligiram 5 a kowane kilo na nauyinta a rana. Kyanwa mai kilo 4 iyakarta miligiram 20 ke nan. Kwalbar da ke da ƙarfin kashi 10 cikin ɗari tana ɗauke da miligiram 100 a kowane mililita, don haka ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya ninka iyakar sau 25. Wannan makanta galibi ba ta warkewa. Haka maganin ɗigawa a kunne mai jentamaisin kan kurmantar da ita in dodon kunnen ya riga ya fashe, abin da ba a ganewa sai da na'urar leƙa kunne. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Ga kuma kyanwar da aka rayar da ita kan ragowar tuwo da shinkafa da koko: jikinta ba ya iya haɗa isasshen sinadarin torin, sai ta same shi a nama, zuciya ko kifi, kuma tun 1975 masana suka tabbatar rashinsa na cinye ido a hankali. Mutum ya makantar da dabba da hannunsa, sannan ya ce ta zame masa kaya.

To in makantar da kurumtar sun tabbata fa? Kulawar ba ta kai wahalar da ake zuzutawa ba, kuma mafi yawanta ba ta cin kuɗi. A fara da ɗaki ɗaya. A sa shimfiɗarta a lungu, kwanon abinci da na ruwa taku kaɗan daga nan, bahon yashin da za ta riƙa bayan gida a ciki a ɗaya gefen ɗakin, kada kuma a sake matsar da ko ɗaya. Bakin bahon kada ya wuce santimita 5 a gefen shiga, domin yawancin kyanwoyin da suka haura shekara 12 suna da amosanin gaɓɓai. Wadda ke fitsari a gefen baho sau da yawa tsallakawa ce ta gagare ta, kuma duka ba ya gyara wannan. A shimfiɗa ƙaramar tabarma a ƙarƙashin kwanuka, buhu a bakin ƙofa, don ƙafarta ta gaya mata inda ta iso. Sai ta riƙa zirga-zirga a ɗakin ba karo, wanda kan ɗauki mako ɗaya ko biyu, sannan a buɗe mata tsakar gida.

A tsakar gidan ne haɗarin yake. Rijiya, bakin masai, randa da duro duk a rufe su da murfi mai nauyi. A kiyaye ta daga murhu da kurfoti mai garwashi, a tare matakalar bene, a leƙa ƙarƙashin mota kafin a tayar. Ta yi sallama da fita waje ita kaɗai.

Kuskuren da masu ƙaunarta suka fi yi shi ne yawan ɗaukarta. An sungume ta daga falo an dire a kicin, ita kuwa ba ta san ina aka kai ta ba, sai ta tsaya cak ko ta riƙa kewayawa a wuri ɗaya. In dole ne a ɗauke ta, a dire ta kullum a gaban kwanon abincinta, daga nan za ta kama hanya. Na biyu shi ne tsafta da ta wuce kima: a wanke duk tsummanta rana ɗaya, a goge ƙasa da Dettol ko Izal, a turara ɗakin da turaren wuta. An shafe mata alamominta ke nan, ga shi waɗannan ruwan wankin guba ne gare ta in ta taka ta lashe. A wanke shimfiɗa ɗaya a bar ɗaya. Gashin baki kuwa, kusan sili 12 a kowane gefe, kada almakashi ya kusance shi, da shi take gane bango kafin ta buge shi.

Kafin a taɓa ta, a buga ƙafa a ƙasa ko a bubbuga abin da take kwance a kai ta ji girgiza, a miƙa mata hannu ta sansana. Yaron da ya cafke ta tana barci zai sha yakushi, kuma laifin ba nata ba ne. Abinci a ɗumama shi kaɗan don ƙamshinsa ya tashi, a ba ta kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a lokaci tsayayye, da romon naman da ba gishiri ba albasa ba tafarnuwa. Ruwan da take buƙata kusan mililita 50 ne a kowane kilo a rana. In ta fara shan ninkin haka, a kai ta a duba ƙoda. A riƙa auna nauyinta duk wata, a duba farata, domin na tsofaffi kan yi kauri su lanƙwasa su huda tafin ƙafa.

Kukan dare shi ne ke sa maƙwabta fara zancen aljanu da mayu, daga nan sai buhu. Kurma ba ta jin muryarta, shi ya sa take ɗaga ta. Sauran dalilan su ne ruɗewa in ta farka ba ta san inda take ba, ko ciwon gaɓɓai, ko dai hawan jinin nan. Ɗan ɗaki mai ɗumi, tsohuwar rigar mai ita a cikin shimfiɗa da ɗan abinci kafin barci kan rage shi sosai.

Masu cewa a yi mata allurar mutuwa a huta sun manta ana yin ta ne saboda azabar da magani ya kasa, kyanwar da ke ci tana sha tana lasar jikinta kuwa ba ta cikin wannan hali. Masu cewa mutane na yunwa ana zancen mage, rufe rijiya da barin kwano a mazauninsa bai taɓa rage wa kowa tuwonsa ba.

Nauyin na kan likitocin dabbobi su ma. Asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri na yaye likitoci duk shekara, ya kamata a riƙa jin muryarsu da Hausa a zaurukan da ake raba wannan muguwar shawara. Ya kamata auna hawan jinin duk kyanwar da ta haura shekara 10 ya zama al'ada a ƙananan asibitoci, masu shagon maganin kaji kuma su daina tsiyaya wa mai kyanwa magani da cokali.