Ga wanda aka ba makulli ya ɗauka gidan nasa ne

Ban kama sunan kowa ba. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, wanda abin ya shafa zai gane kansa tun kafin ya gama layin nan.

Akwai wani bawan Allah da aka ɗora a kan sa ido a zaurenmu na Facebook. Sa ido fa aka ce. Duk wanda ya taɓa riƙe zaure ya san aikin kashi biyu ne. Admin shi ke da ikon canza suna da tsarin zaure, shi ke naɗawa da saukewa. Mai sa ido kuwa nasa shi ne tantance masu neman shiga, duba rubutu kafin ya fito, goge abin da ya saɓa doka, da fitar da wanda ya ƙi jin gargaɗi. Aikin tsaron ƙofa ne, kuma yana da daraja ga wanda ya riƙe shi amana.

Shi mutumin namu, a cikin duk wannan, gogewa kaɗai ya gani. Ka saɓa masa a muhawara da rana, da dare sharhinka ya ɓace. Rubutun abokansa ba ya kwana, na wanda bai yi masa ba sai ya yi mako a layin jira. Facebook ya ba kowane zaure damar kafa dokoki har 10, mun rubuta namu, kuma in za a cire rubutu akwai gurbin da ake nuna wa mai shi dokar da ya karya. Ko sau ɗaya bai taɓa cike gurbin nan ba, don ya san babu dokar da ta ce kada a yi masa gyara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙofar da ya bari a hangame. Tambayoyi 3 muka sa wa masu neman shiga, amma asusun da aka buɗe jiya, babu hoto babu amsa ko ɗaya, sai ya danna masa izini don a ce zaure ya cika a hannunsa. Ta nan 'yan damfara suka shigo da tallan ninka kuɗi. Mambobi sun yi nasu, sun kai rahoto tun da safe, rubutun ya wuni ya kwana yana nan. Wata baiwar Allah ta danna, aka sace mata asusu, aka riƙa roƙon kuɗi da sunanta. A daren nan shi yana can yana goge sharhin wanda ya yi masa gyaran rubutu.

Da aka tambaya sai ya ce ba shi kaɗai ke da makulli ba. Wataƙila ya saba da Telegram, inda rajistar ayyukan admin ke shafewa bayan awa 48. Tamu tana nan, kowace gogewa da sunan wanda ya yi ta da lokacin. Na karanta, sauran admin ma sun karanta.

Shirun da muka yi don mutuncinsa ne. Abin da muke nema yanzu shi ne ya saki rubutun mutane da ke jira, ya dawo da waɗanda ya fitar ba laifi, ya nemi afuwar baiwar Allahn nan a gaban kowa. In ya ga da nauyi, ya miƙo makullin da kansa kafin zamanmu na gaba.