Sabis Ya Cika Waya, Amma Kira Ba Ya Shiga

Abin da ya fi ƙona mini rai a harkar wayar salula shi ne mutum ya ga sandunan sabis sun cika fuskar wayarsa, ya kira ɗan'uwansa da ke cikin gari ɗaya da shi, sai murya ta ce masa lambar ba ta samuwa. Idan aka yi magana, kamfanin da nake amfani da layinsa ya ce an tsinke wayar fiba, wato kebul ɗin da ke ɗaukar kira da data, wajen aikin hanya, ko kuma dizal ya yi tsada. Ban musanta waɗannan ba, amma ba su ne ƙarshen zance ba.

Sandunan nan shaida ce kawai cewa wayarka tana jin turken sadarwa da ke kusa da kai. Ainihin aikin yana can cibiyar kamfani, inda wasu manyan na'urori suke tantance layinka, su nemo inda wanda ka kira yake, su duba ko kana da kuɗi, sannan su buɗe hanyar da murya ko data za ta bi. Ta irin wannan hanyar saƙonnin ne lambobin tiransifa da ake dannawa suke bi, haka ma saƙon da banki yake turo maka da lambar sirri. Idan cunkoso ya fi ƙarfin waɗannan na'urori, komai sai ya tsaya cak, ko da turke yana ƙofar gidanka.

Kamfanoni irin su Ericsson da Huawei da Nokia da suke ƙera su ba don wasa suke ƙera su ba. Ma'aunin da aka sani a wannan sana'a shi ne na'ura ta yi aiki kashi 99.999 cikin ɗari na lokaci, wato tsayawarta a shekara guda kada ta wuce minti biyar da 'yan daƙiƙu. Shi ya sa ake yin kowane ɓangare biyu-biyu, hanyar wuta biyu, allon sarrafawa biyu, ta yadda idan ɗaya ya mutu ɗayan zai karɓa nan take, a zare wanda ya lalace a sa sabo ba tare da an kashe komai ba. Minti biyar a shekara! Mu kuwa a yammaci ɗaya, tsakanin magariba da isha'i, muna asarar abin da ya ninka haka sau da yawa, ranar Sallah kuma ba a magana.

A je kasuwa a gani. Mai saye yana tsaye da atamfa a hannu, an cire masa kuɗi a banki, mai shago yana ta duba wayarsa yana cewa, “Alhaji, ka yi haƙuri, wallahi ba su shigo ba.” Mutane biyu masu mutunci sun koma kallon juna da zargi, saboda wani saƙo ya maƙale a hanya.

Tun 2001 aka fara harkar wayar salula a Najeriya, saboda haka babu wanda zai ce sabo ne a cikinta. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, aka ce za a inganta aiki, muka biya ba don muna so ba. To, ina ƙarin na'urorin da ya kamata su ɗauki yawan layukan da ake sayarwa kullum a bakin titi? Ina hanyar fiba ta biyu da za ta karɓa idan ta farko ta tsinke? Kamfanin da ya iya ƙirga datata har ta ƙare ba kuskure, ya kuma iya sanin tsawon lokacin da sabis ɗinsa ya mutu. Ina so ya riƙa bayyana wannan lissafin a fili duk wata, ya kuma mayar mini da kuɗin kwanakin da na saya ban mora ba.