A daina ruɗin kai da bikin biyan tarar fursunoni

Azumi na kamawa, ko sallah na ƙaratowa, sai ka ga wata gidauniya, ko matar wani babba, ko ɗan siyasar da ke hangen takara, sun ja zugar masu kyamara zuwa gidan yari. A jera samari ashirin ko talatin a tsakar gida, a kira sunayensu, a miƙa wa kowa kuɗin mota, a yi musu nasiha su zama mutanen kirki, kafin magariba labari ya cika rediyo da Facebook cewa an rage cunkoso. Tun da ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya yi nasa gagarumin bikin a gidan yarin Kuje da ke Abuja cikin Nuwamban 2023, inda aka tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hannu da shuni don sakin mutum 4,068, abin ya samu hatimin gwamnati. Yanzu har ƙungiyoyin da aka kafa da sunan nema wa talaka adalci sun fara auna nasararsu da yawan tarar da suka biya. Wannan ne ya dame ni.

Ba na musun ladar fitar da mutum daga ɗauri saboda ya kasa biyan dubu hamsin. Amma a dubi alƙaluman da ministan da kansa ya bayar a ranar: fursunoni 80,804 a gidajen yari 253 da aka gina don ɗaukar ƙasa da mutum 50,000. Waɗanda aka saka kimanin biyar cikin ɗari ne kawai. Kuma su wane ne? Waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci, aka ba su zaɓin tara. Wato su ne ma masu sa'a, domin sun ga alƙali, an gama da su, sun san ranar fitarsu. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi. Babu kotun da ta same su da laifi, don haka babu tarar da za a biya musu. Ko attajiri ya zo da buhun kuɗi, gandiroba ba shi da ikon buɗe musu ƙofa.

Mai son sanin yadda ake cika gidan yari sai ya fara daga caji ofis. An kama yaro a wani samame, ko wani mai ƙarfi ya kai ƙararsa kan bashi ko rikicin gona. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, in dai ba laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, kuma ta ce ana iya ɗaukar jawabinsa a gaban lauyansa, ko jami'in hukumar taimakon lauya kyauta, ko wakilin ƙungiyar farar hula, ko wanda ya zaɓa. Kaduna ta yi irin tata dokar a 2017, Kano a 2019. A aikace yaron shi kaɗai ne da ɗan sanda mai bincike. Ana rubuta jawabi da Turancin da ba ya ji, ya dangwala yatsa. An rubuta a bango cewa beli kyauta ne, amma idan 'yan uwa suka kasa “ganin oga”, sai laifin ya yi nauyi a takarda: faɗan unguwa ya koma haɗa baki da fashi da makami.

Daga nan sai a kai takardar ƙara gaban majistare, alhali kowa a zauren ya san ba shi da hurumin sauraron fashi ko kisan kai. Ba a tambayi yaro ya amsa laifi ko ya musa ba. Abin da majistare zai yi kawai shi ne ya ce a ajiye shi a gidan yari har a samu shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. A nan ake ɓacewa. Dokar tarayya ta ba ofishin antoni-janar kwana 14 ya fitar da shawara bayan fayil ya iso, amma sai fayil ɗin ya iso tukuna. Mai binciken an yi masa canjin wurin aiki, ko babu kuɗin hoton takardu, ko fayil na cikin durowar da ba wanda ya buɗe. Ranar da aka sa za a dawo kotu motar fursuna ba ta da mai. Wata ranar alƙali ya tafi taro. Sai shekara ta zagayo, wani lokaci uku, a kan tuhumar da ko an tabbatar da ainihinta hukuncinta bai kai haka ba.

Abin takaicin shi ne dokar ta hango duk wannan. Sashe na 296 na ACJA ya ƙayyade umarnin ajiya ga kwana 14, a sabunta da wasu 14 idan an kawo dalili. Bayan haka kotu za ta kira kwamishinan 'yan sanda da antoni-janar su bayyana hujjar ci gaba da tsarewa, kuma duka-duka ba a wuce kwana 56 ba tare da an gurfanar da mutum a kotun da ta dace ko an sallame shi ba. Jihohi sun ɗan bambanta a adadin kwanakin, amma tsarin ɗaya ne. Sashe na 34 ya wajabta wa babban majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya ba da beli nan take inda ya dace. Mace na iya tsaya wa mutum beli, duk da har gobe ana korar uwaye da matan aure a ce su kawo namiji mai takardar fili. Duk waɗannan ba sa aiki da kansu. Sai an samu wani ya tsaya da takarda a hannu ya ce, ranka ya daɗe, kwana 14 sun cika tun makon jiya.

Wannan “wani” shi ne aikin ƙungiyoyin agajin shari'a, kuma aiki ne marar armashi, ba ya kyau a hoto. Hukumar taimakon lauya kyauta ta ƙasa tana nan tun 1976, an sabunta dokarta a 2011, amma lauyoyinta ba su isa ko manyan birane ba balle ƙananan hukumomi 774. Akwai tsarin ajiye lauya mai jiran aiki a caji ofis, wanda rundunar 'yan sanda ta amince da shi a umarninta mai lamba 20, don wanda aka kama ya ga lauya kafin a ɗauki jawabinsa. Ƙungiyoyi irin su PRAWA, da ke aikin gidajen yari tun 1994, da FIDA ta mata lauyoyi, da cibiyar Isa Wali a Kano mai horar da mataimakan lauya a unguwanni da ƙauyuka, da ɗaliban shari'a na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello masu ba da shawara kyauta, sun nuna abin na yiwuwa. Malawi, da ba ta kai mu lauyoyi ba, tun shekarar 2000 take tura mataimakan lauya cikin gidajen yari suna tantance fayil, suna koya wa fursuna yadda zai roƙi beli da bakinsa. Dokarmu ta 2011 ma ta amince da irin waɗannan mataimaka. Ba sai wanda ya sa baƙar riga ba ne zai bi fayil daga caji ofis zuwa ma'aikatar shari'a, ko ya nemo wa yaro kawunsa a ƙauye ya zo ya tsaya masa.

Yanzu a yi lissafi. Naira miliyan 585 a raba wa mutum 4,068, kowane kai ya tashi kusan naira dubu 144. Kuɗin an kashe su sau ɗaya, gurbin da aka bari kuma caji ofis ya cike shi cikin 'yan makonni. Sharar ruwa ce a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Da a ce rabin kuɗin aka ware don albashin matasan lauyoyi da mataimakansu, da man babur, da hoton takardu, da kuɗin shigar da buƙatar beli a babbar kotu, da an tare ɗimbin mutane tun kafin a rubuta sunansu a rajistar gandiroba. Gwamnati ma da ta huta, domin kuɗin abincin fursuna da aka ɗaga daga naira 750 zuwa 1,125 a 2024 ya haura naira dubu 410 a shekara kan mutum ɗaya da ba a san ko ya yi laifi ba.

Akwai kuma wata illa da masu bikin ba sa so a faɗa. Idan alƙali ya san cewa kowane azumi wani zai zo ya biya, me zai sa ya damu da ko wanda ke gabansa na iya biyan tarar da ya yanke? Dokar 2015 da ta gidajen gyaran hali ta 2019 sun tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya ga al'umma da sakin talala, daidai don masu ƙananan laifuka. Su ne mutanen da ake biya wa tara. Tun farko bai kamata a kulle su ba, amma maimakon a matsa wa kotuna su yi amfani da abin da doka ta ba su, sai ake zuba wa baitulmalin jiha kuɗin sadaka ana tafi.

Masu cewa maganin shi ne a ƙara gina gidajen yari irin na Janguza a Kano mai cin mutum 3,000, su sani za a cika shi da masu jiran shari'a kamar yadda aka cika Kurmawa da Goron Dutse. Masu kiran waɗannan ƙungiyoyi 'yan kanzagin Turawa ko masu kare ɓarayi kuwa, bakinsu na mutuwa ne ranar da aka kwashe ɗansu a samame.

Su ma ƙungiyoyin ba su tsira ba. Da yawa sun fi ƙwarewa a taron bita a otal-otal na Abuja fiye da zaman benci a kotun majistare. Rahotonsu cike yake da yawan mutanen da aka “wayar wa kai”, ba ka ganin kwana nawa aka rage wa wanda ke tsare. Kuma kusan duk aikin na gaske da kuɗin waje ake yinsa, na Tarayyar Turai ko gidauniyoyin Amurka. Da Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025 kowa ya ga yadda igiyar take da rauni. Abin kunya ne a ce a ƙasar da attajirai ke gasar raba buhunan shinkafa, lauyan da zai fitar da ɗan talaka daga hannun 'yan sanda sai an jira albashinsa daga Turai.

Mun ga ƙarshen wannan sakaci ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da wasu daga cikin yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, akasarinsu daga Kano da Kaduna, suka yanke jiki suka faɗi a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bayan kusan wata uku a tsare. Tuhumar har da cin amanar ƙasa, belin kuma naira miliyan 10 kowanne. Bidiyon da ya karaɗe duniya ne ya cece su, shugaban ƙasa ya ba da umarni aka sake su cikin kwanaki. Dubban da ke Gusau da Bauchi da Yola babu mai ɗaukarsu bidiyo.

Gwamnoni kuwa sun samu wurin fakewa. Mafi yawan waɗanda ke tsare laifin dokar jiha ake tuhumarsu da shi, kotunan jiha ne suka ajiye su, ma'aikatar shari'ar jiha ce ke riƙe da fayil ɗinsu, amma gwamnatin tarayya ce ke ciyar da su. Jinkirin ba ya cin gwamna ko sisi. Gyaran tsarin mulkin da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar gidajen yari, sai dai ba ka ga masu rububin ɗaukar nauyin ba. A fara cajin kowace jiha kuɗin abincin duk wanda ya haura wa'adin ajiya, a ga ko fayil zai ƙara kwana a durowa.

Masu hali da ke son lada, hanya a buɗe take. Waƙafi ba gina masallaci da haƙa rijiya kaɗai ba ne, ana iya tsayar da shi don ɗaukar nauyin lauyoyi biyu da mataimaka huɗu a ƙaramar hukuma guda, hukumomin zakka da hubusi na jihohi su sa ido. Kuma duk gidauniyar da za ta je gidan yari a azumi mai zuwa, kafin ta tambayi jerin masu tara, ta nemi ɗaya jerin. Sashe na 111 na ACJA ya wajabta wa shugaban hukumar gidajen yari ya aika wa manyan alƙalai da antoni-janar, duk bayan kwana 90, sunayen waɗanda suka haura kwana 180 suna jiran shari'a. A tambayi babban jojin jiha yaushe rabon da jerin ya iso teburinsa, da abin da ya yi da shi.